Kwamfutar Zarami

Laraba, 4 ga Fabrairu, 2015

Saƙon nan ya sake fitowa a kwamfutar Zarami: akwai sabuntawa ɗari biyu da wani abu. Na danna "ba yanzu ba". Wata biyar ke nan tun da muka baro Bama ni da 'yarmu Rumaisa, shi ya ce zai biyo mu. Komai na ciki yana nan yadda mijina ya bar shi.

Juma'a, 6 ga Fabrairu

Rumaisa ta buɗe 'yar manhajar da ya rubuta mata. Hoto ya fito, muryarsa ta faɗi sunan abin da Barbarci. Ruwa, "nji". Saniya, "fe". Sai ta amsa masa, "To, Baba." Na fita tsakar gida.

Talata, 10 ga Fabrairu

A shagon da nake buga takardu a Dawaki na nuna wa mai shagon, Malam Babayo, kwamfutar. Ya ce tsarin Linux ne a kanta, ba Windows ba. Wai manhajojinta ba kowacce ke ɗauke da kayan aikinta ba, akwai rumbun kayan aiki guda, laburare, da duk suke ɗiba, har na fitar da sauti. In aka sabunta shi, an sabunta wa kowa. A Windows ɗin shago kuwa, sau da yawa manhaja kan zo da nata a jakarta.

Na ce, "In an sabunta, zai yi magana?"

Ya ce, "Wataƙila, Halima. Wataƙila kuma manhajar ta nemi tsohon laburaren ta rasa."

Da rana na yi gyangyaɗi a kan tebur. Na ga kogin garinmu ya cika, mata na ɗiba, Zarami a tsallake yana kiran sunayen abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 14 ga Fabrairu

Harbe-harbe tun safe. An hana fita. Muna kwance a ƙasa a ɗakin Adda Jumma da ta sauke mu, Rumaisa na danna saniya har caji ya ƙare.

Talata, 24 ga Fabrairu

Malam Babayo ya ce barin kwamfutar ba sabuntawa ma haɗari ne, ƙofofinta a buɗe ga masu kutse, ga ni ina sa mata intanet ina neman sunan Zarami a jerin 'yan gudun hijira. 

Alhamis, 5 ga Maris

Ya samo dabara. Ya kwafe tsofaffin laburaren da manhajar ke bukata ya ajiye su a gefenta, ya nuna mata ta riƙa ɗiba daga can. Sannan ya turo min kwamfutar. "Ke za ki danna sabuntawar."

Na danna. Minti arba'in layi na tafiya, ina kallon mai rake a bakin titi. Da kwamfutar ta sake tashi launin fuskarta ya sauya, ban gane ta ba. Na buɗe manhajar. "Nji."

Malam Babayo ya tashi wai zai duba janareta.

Lahadi, 8 ga Maris

Ashe akwai hotuna shida a ƙarshe da Zarami bai kai ga sa musu murya ba. Rumaisa ta tsaya a kan kifi tana jira, tana kallona.

Don kada ta yi kuka ne kawai. Na jawo makirfo na ce "bunyi". Sau uku na sake kafin muryata ta fita daidai.

Saura biyar. Gobe bayan aiki.