Maganin da Inna Ba Za Ta Iya Haɗiya Ba

Maradun, Jihar Zamfara

Zuwa ga ƙanena Sufyanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Zahra'u da ɗiyarmu Khadija. Yaya karatu, yaya zaman baƙunta? Allah ya dafa maka, ya nuna mana ranar dawowarka. Mu nan alhamdulillahi. Maigidana Malam Balarabe yana can Bakolori wajen shinkafarsa, bana ta yi kyau. Ƙanwarmu Suwaiba ta sauka lafiya a Bakura, namiji, an mayar da sunan marigayi Baba.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda duk sanda ka kira, a hannun Inna wayar take ƙarewa, ita kuma kullum ce maka take da sauƙi. Sufyanu, babu sauƙi. Gyambon nan na ƙafarta da ciwon suga ya jawo ya ci har ƙashi. Tun farkon damina muka kai ta asibiti a Talata Mafara. Ta sha ƙwayoyi iri-iri, ciwo sai gaba yake yi. Da aka ɗebi ruwan gyambon aka kai gwaji, likita ya ce ƙwayoyin cutar sun saba da duk maganin da ake haɗiya. Saura guda ɗaya da ke kama su, shi kuma sai ta jijiya.

Aka fara allurar, wari ya ragu, zazzaɓi ya sauka, har mun fara murna. Sai jijiyoyinta suka ɓuya. Hannayen sun kumbura sun yi baƙi, nas ta soka nan ta soka can ba ta samu ba, Inna tana cije leɓe, ita ce ma ke ba nas ɗin haƙuri. Da na kasa kallo sai na bi likita har waje, na roƙe shi a zuba mata ruwan allurar a kofi ta sha. Bai yi mini dariya ba. Ya ce ko ta shanye kwalbar duka hanjinta ba zai ɗauka ba, yadda maganin ya shiga haka zai fita, bai kai ga jini ba.

Nan take na tuna bayanin da ka yi mana a tsakar gida da ka zo hutu. Ka ce bangon hanji wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne a jere, masu maiƙo a jiki, kuma ƙirar magani ce ke sa ya ratsa su ko ya tsaya. Wani ya cika girma, wani kuma ruwa ya fi so, ba ya shiga maiƙo. Ka ce aikinka shi ne nuna wa kwamfuta ƙirar magunguna masu yawa, har ta iya hasashen inda za a sauya wa magani siffa ya samu wucewa. Ranar har tsokanarka muka yi, wai ka tafi Malesiya leƙen hanji. Ban san a ƙafar Inna zan fahimci maganarka ba.

Sunan allurar yana jikin 'yar takardar da na haɗo maka da wannan, nas ce ta rubuta mini. Don Allah ka tambayi kwamfutar taka, ko akwai ɗan'uwansa da ake haɗiya, ko a can ƙasar. Na yi wa likitan zancen aikinka, ya yaba, amma ya ce daga hasashen kwamfuta zuwa ƙwayar da za a miƙa wa mara lafiya shekaru ne. Na ji, na kuma yarda. Ina tambaya ne kawai don ban san abin da ya rage in yi ba.

Shawarar da suka ba mu ita ce mu wuce Sakkwato a sa mata bututu a babbar jijiyar wuya, in hakan ya ƙi a yanke ƙafar. Inna ta ce ba da ita ba. Kawu Dikko ya taso daga Damaga ya lallashe ta har muryarsa ta dishe, ta ce ta gaji, a kai ta ɗakinta. Ranar Laraba muka dawo gida. Ina wanke ciwon safe da yamma, ina ba ta ragowar ƙwayoyin da na san ba sa aiki, tana karɓa tana sa mini albarka.

Jiya ta gan ni da biro, ta gane. Ta ce in gaya maka kada ka bar aikinka saboda ita, akwai wasu tsofaffin da ke tafe a bayanta. Na isar da saƙonta. Nawa saƙon shi ne, in kana son ka same ta tana gane mutane, ka taho.

Malam Balarabe yana gaishe ka, da Kawu Dikko, da Suwaiba da mijinta Jafaru. Ka gaishe mini da Zahra'u, ka shafa mini kan Khadija. Ku dage da addu'a. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Raliya