Kwanduna Shida na Baƙin Banki

Tsibirin Savai'i, Samoa
Watan Agusta

Zuwa ga 'yata Fuatino,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni mahaifinki, tare da roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta tarar da ke cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Ioelu da jikokina biyu. Allah ya tsare ku daga sanyin Auckland, ya ƙara miki haƙuri da tsofaffin da kike yi wa wanka kina ciyarwa a wurin aikinki, ko da yake na san a kaina kika fara koyon wannan haƙurin tun kina gida. Mu nan lafiya, irin lafiyar da kika sani. Gwiwata ta hagu ta daina shiri da ta dama. Gwaggonki Siniva tana nan da bakinta, ko kaɗan bai ragu ba. Gwaza ya yi kyau bana, kifi ne dai ya yi nisa. Kwalin da kika aiko ya iso, takalmin ya yi mini yawa, amma ina sa shi ran Lahadi ina jan sa har gaban coci, don kowa ya ji cewa ina da 'ya a ƙasar waje. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu ni da makaranta muka rabu, kuma babu wanda ya yi kuka a cikinmu.

Kin sha tambayata me ya sa kwanan nan duk kika kira sai in ce layi ba kyau in kashe. Layi lafiyarsa lau, 'yata. Maganar ce bakina ya kasa ɗauka, shi ya sa na ɗora wa biro. Teku ya kusa cin kabarin mahaifiyarki. Itatuwan kwakwa biyun nan da ke tsakanin ƙofar gidanmu da ruwa sun faɗi tun watan Yuni. Yanzu in ruwa ya cika, kumfa har simintin kabarin yake taɓawa, gefen ƙafafu ya riga ya tsage, ina cusa duwatsu da safe, da yamma in tarar ruwa ya kwashe. Duk wanda ya duba ya ce ba zai ga ƙarshen damina mai zuwa ba. Wannan rabin maganar ke nan. Ɗaya rabin shi ne da hannuna a ciki, kuma gara ki ji daga gare ni kafin gwaggonki ta ƙara masa gishiri.

Bara, bayan kin koma, rediyo ya dame mu da cewa wani babban banki na ƙasashen waje zai ba gwamnati rance, amma wai wannan karon ba za a taɓa komai ba sai an ji ra'ayin talakawa, ƙauye ƙauye. Ai kuwa ƙasar nan ta zama majalisa. A mota, a kwale-kwale, a bakin shago, kowa ya zama minista. Mata suka ce asibiti, tunda matar Malaki a bayan a-kori-kura ta haihu kafin a kai gari. Samari suka ce aikin yi da layin waya mai ƙarfi, ko da yake kowa ya san wayar suke so su nemi hanyar tafiya tsinkar tuffa a wajenku. Masu sarauta suka ce hanya, don su ne masu motoci. Abokina Aleki, wanda kika sani da gardama, ya ce shi bai yarda da komai ba, wai tun yana saurayi ake cin bashi da sunansa bai taɓa ganin kalarsa ba, kuma jikokinsa da ba a haifa ba tuni an rubuta su cikin masu biya. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, jikokinsa in sun gado shi babu wanda zai iya karɓar ko sisi a hannunsu. Ni dai abu ɗaya na sa a rai, katangar da za ta tare teku. Kuma da aka zauna aka yi shiru aka duba, kusan kowa haka, don babu gidan da ba shi da kabarin nasa mamacin a ƙofar gida, daf da ruwa.

Ran Laraba suka zo, mutum shida, biyar 'yan ƙasa daga babban birni Apia da Bature ɗaya na bankin, wanda ya sha wahalar naɗe ƙafa a kan tabarma har na ji tausayinsa. Aka yi musu maraba yadda ya kamata, aka dama ava, jiƙon saiwar nan na tarbar baƙi, aka sha, masu magana suka yi magana har rana ta ɗaga. Sannan suka jera kwanduna shida na ganyen kwakwa a tsakiyar rumfar taro, matanmu ma suka saƙa musu su. Kowane kwando da hotonsa: hanya, asibiti, aikin yi, layin waya, katangar teku, sai na shida wai gyaran aikin ofisoshin gwamnati, hoton wata na'ura a kan tebur. Kowane baƙo ya tsaya a bayan kwando ɗaya ya yi bayaninsa. Aka ba kowane babba tsakuwa goma, aka ce ya zuba inda zuciyarsa take. Na zuba tawa goma cif a katanga, har da ƙara don a ji. Kafin a gama, kwandon katanga ya cika yana zubarwa, na asibiti ya kai rabi, sauran ɗan abin da ba a rasa ba. Na ofisoshin gwamnati tsakuwa biyu ne a ciki, ɗaya ma Aleki ya ce kuskuren hannu ne, asibiti ya nufa.

Wadda ta tsaya a bayan wannan kwandon yarinya ce sa'arki, sunanta Telesia, siririya, da alama sabuwar ɗauka ce. Tana tsaye tana kallon mutane suna wuce ta ɗaya bayan ɗaya, tana murmushin nan da ake yi in an rasa abin yi da fuska. Baƙin suka ce bari su ƙirga, mai magana da yawun sarki ya ce atafau, a garin nan baƙo ba ya aiki abinci na hucewa. Aka tasa su gaba zuwa gidan Fasto, aka bar kwanduna a rumfa, aka bar ni gadi. Kin san ni, shekara talatin ni ne mai rabo a ƙauyen nan. Biki ko mutuwa, ni ke yanka alade, ni ke cika kwandunan da baƙi za su tafi da su, kuma ba a taɓa jin wani ya fita daga garinmu da kwando mara nauyi ba. Wannan kaɗai ne ilimin da nake da shi, ba ni da takardarsa amma har gaba da kogi an san ni da shi.

Ina zaune sai ga gwaggonki da matan kwamiti uku. Gwaggonki ta leƙa kwandon na shida ta riƙe baki, ta ce, kai Peni, haka za ka zura ido 'yar mutane ta koma Apia da tsakuwa biyu, a ce ga abin da ƙauyenmu ya ba ta? Ta ce da Fuatino ce a tsaye a garin wasu aka yi mata haka fa? Wata ta ce ai ko ba komai Baturen ya gani da idonsa inda tsakuwa ta taru, sauran kuma mutunci ne. Ba zan ɗora musu laifin ba, 'yata, don kafin su rufe baki hannuna ya riga ya shiga. Na ɗebo daga katanga na zuba wa Telesia, na ɗebo na zuba wa mai waya, na ɗaga wannan na ɗaga wancan ina gwada nauyi kamar cinyar alade. Wallahi ban taɓa yin rabo mai kyau irin na ranar ba. Da a ce an kawo ma'auni da ba a sami bambancin tsakuwa biyar ba. Na koma na zauna ina jin daɗin kaina, ina cewa yau na fitar da garinmu kunya.

Da suka dawo a ƙoshe, suka zazzage suka ƙirga, suka dubi juna. Baturen ya tambaya ko wani ya taɓa kwandunan. Rumfar nan cike take da mutum fiye da ɗari, kowa ya san abin da ya faru, kowa ya dubi tabarma. Wa zai tona ɗan gari a gaban baƙo? Ni kuma da aka fi sani da surutu, ranar harshena ya tafi hutu. Sarki ya ce mutanensa masu son zaman lafiya ne, ba sa fifita wani a kan wani. Aka tafa. Baƙin suka rubuta abin da suka ƙirga, muka cika musu mota da gwaza da kifi, suka tafi.

A watan Maris aka karanta sakamako a rediyo, wai a ƙasa baki ɗaya mutane sun fi damuwa da tsadar rayuwa da aikin yi, sai lafiya, sai teku. Takardar gundumarmu kuma ta zo hannun sarki, a gaban sunan ƙauyenmu an rubuta cewa jama'a ba su nuna fifiko a kan komai ba. Katanga ɗaya aka ware wa gundumar, aka ba mutanen tsallaken rafi, waɗannan da muke yi wa dariya tun kakanni saboda rowa, waɗanda baƙo ke fita garinsu yana hamma. Su ba su ji kunyar kowa ba, kwando ɗaya suka cika suka bar biyar wayam. An gama tasu a watan Mayu, doguwa, fara, har da fitila. Tun daga nan igiyar ruwan da ta doki katangarsu sai ta zamo ta gangaro kanmu da ƙarfin biyu. Abin da teku ke ci a shekara uku, bana a wata uku ya cinye.

Ban zauna ba. Na sa farar rigata ta coci na hau jirgin ruwa zuwa Apia, na yi ta tambaya har na sami ofishin, na zauna a benci tun safe har azahar. Telesia ce ta fito, ta gane ni, ta kawo mini ruwa. Na faɗa mata komai, ban rage ba, na ce a hukunta ni amma a gyara takardar. Ta zauna kusa da ni a bencin. Sannan ta ce, Baba, ai kwandon ba nawa ba ne, kuma da ya koma wayam da na fi kowa murna, don abin da aka aiko ni in gano ke nan. Ta ce rashin tsakuwar shi ne amsarku, kuka ɗauke amsar kuka ba ni kyauta. Ta shiga ciki ta yi magana da manyanta, ta fito idonta ya yi ja, ta ce an riga an sa hannu, an raba ayyukan, sai zagaye na gaba, wataƙila shekara biyar. Ta raka ni har bakin titi tana ba ni haƙuri, ita da aka yi wa laifi. A jirgin dawowa ko wasa ɗaya ban yi da kowa ba, har wani ya tambaye ni ko ba ni ne Peniamina ba.

Na so a ce majalisar gari ta ci ni tara, a karɓe aladuna duka, da na sami sauƙi. Babu wanda ya ce uffan, don duk wanda zai nuna ni sai ya tuna shi ma tabarma ya kalla. Aleki kaɗai ke kirana Ministan Daidaito in na wuce, shi ma da ruwa ya shiga kicin ɗinsa ya daina. Gidaje huɗu sun riga sun kwashe nasu mamatan zuwa tudu. Gwaggonki yanzu ba ta bin ta ƙofar gidanmu, ta baya take zagayowa.

To ga abin da ya sa na rubuto. Na yi magana da Fasto da dangin mahaifiyarki, an tsayar da makon farko na Oktoba, kafin ruwan sama ya kankama, za a tashe ta a mayar da ita gonarmu ta kan tudu, kusa da itatuwan koko. Kin san yadda ake yi a gidansu, 'ya mace ce ke karɓar ƙasusuwan, ta wanke, ta shafa musu man kwakwa, ta naɗe a sabon siapo, mayafinmu na ɓawon itace. Mahaifiyarki Vaoita kuwa ke kaɗai ta haifa. Na san aikinki ba a barin sa yadda aka ga dama, na san yara suna makaranta, kuma na san wanda ya jawo wannan tafiya ba shi da bakin da zai ce ki zo. Duk da haka ina cewa ki zo. In ba zai yiwu ba, gwaggonki ta ce za ta yi, ba zan riƙe ki a rai ba. In kuma kin zo kin ƙi yi mini magana, shi ma na ɗauka, ki dai zo mata.

Ki gaishe mini da Ioelu, ki ce ina godiya da yadda yake riƙe da ke. Ki gaishe da jikana Setefano da ƙanwarsa Elisapeta, ki ce kakansu yana nan bai ƙara wayo ba. Ki gaishe da kawunki Tanielu da iyalinsa in kun haɗu a coci, amma kada ki ba shi labarin nan, zai ji a lokacinsa. Gwaggonki Siniva da Aleki da matar Fasto duk suna gaishe ki.

Jiya na hau tudun tare da masu haƙa na nuna musu wurin. Ƙasar ja ce, busasshiya, daga can ko ƙarar teku ba a ji. Na ce su haƙa da faɗi su bar mini gefen hagu. Suka yi dariya, sun ɗauka irin wasan da na saba ne, na bar su a haka.

Ni ne mahaifinki mai jiran amsarki,
Peniamina