Zauren da Ya Rage a Gidan Gonar Kaka

Dagenham, Landan

Zuwa ga Yaya Mahamudu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa da yayanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka da iyali cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri, amin. Mu ma nan kalau muke. Gwiwar Inna da aka yi wa aiki ta yi sauƙi sosai, yanzu tana hawa matakala ba mai riƙe ta, sai dai mitar sanyi da ba ta ƙarewa. 'Yarka Zarah, wato 'yata, ta gama jarrabawa. Inna na yi mata Hausa tana mayarwa da Turanci, a haka suke shan hirarsu.

Yaya, na rubuto ne saboda a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, kuma raina a ɓace yake. Ranar Asabar ina cikin bas zan je Deptford sayo wa Inna kuka da daddawa, sai Shafa'atu 'yar Kawu ta turo mini bidiyo. Katafila na gani a tsakar gidan gonar Kaka Osmanu. Ɗakin Inna da aka haife mu a ciki, rumbunan nan uku, katangar garken shanu, duk an baje su. Har na wuce inda zan sauka ban sani ba. Gidan da ya haura shekara tamanin, a ce a bidiyo zan ga ƙarshensa, ba daga bakinka zan ji ba.

Da na kira ka, ka ce gari ya riga ya cinye wurin, shaguna sun kewaye shi, shanu an daɗe da rabuwa da su, masu gina rukunin gidaje sun matsa, dangi kuma sun amince. Waɗanne dangin? Ni ba dangi ba ce? Inna fa? A nan, Juliana da muke aiki tare a asibiti taga kawai ta so canzawa a tsohon gidansu, wata shida tana zarya a council, wato ƙaramar hukuma, tana neman izini. Mu kuwa tsakanin hantsi da azahar muka gama da namu.

Sai ka jefo mini maganar siminti. Ta yi mini zafi, domin gaskiya ce. Ni ce na zo hutu shekara shida da suka wuce, na tarar ana kwaɓa ƙasa, na ce wahalar yaɓe duk shekara ta isa haka, a shafe bangon da siminti kowa ya huta. Malam Is'haq, maginin da ya gaji kula da gidan daga mahaifinsa, ya ce kada a yi, ginin ƙasa yana son iska, siminti zai kulle ruwa a ciki ya cinye tubalin. Na yi masa kallon wanda bai waye ba. Inna ma ta hana, na ce ai ni na ga yadda ake gini a Landan. Damina uku aka yi, bangon gabas ya kumbura ya zube. Wannan laifina ne, na ɗauka, kuma har yau yana cina. Amma bango ɗaya ne ya faɗi, Yaya, ba gida ba. Malam Is'haq yana nan da ransa, da ka kira shi da ya tayar.

Shafa'atu ta ce zaure yana nan tsaye da azararsa, shi kaɗai ne Malam Is'haq ya rantse ba zai bari siminti ya taɓa ba. Ta ce nan da mako biyu za su dawo kansa. To ga roƙona, don Allah don Annabi. Ka je ka sami masu ginin, a zagaye zauren nan a bar shi. In sun ƙi, su dakata har Inna ta dawo, na riga na yi mata booking na jirgi na ashirin ga watan gobe. Ta zauren nan aka shigo da ita amarya, ta nan aka fita da Baba. Kada ta sauka ta tarar da fili. Har yanzu ba ta san komai ba, na hana Zarah ma ta nuna mata waya, kuma na gaji da kauce wa idonta.

Ka gaishe mini da Anti Saudatu, da Khalifa da Ikram, da Kawu Haliru. Ka gaida Malam Is'haq, ka ce ina neman afuwarsa. Maigidana Abdul-Salam yana gaishe ka, ya ce in sassauta harshe, na ce iyakar sassaucin ke nan.

Inna ma tana gaishe ka, kuma ta ba ni saƙo. Jiya da la'asar ana yayyafi, ta tsaya a taga ta daɗe, sannan ta ce, "Badariyya, ruwa ya kusa sauka a gida. Ki ce wa Mahamudu ya sa a duba indararon ɗakina, kada ya ci mini bango." Na ce mata to. Ga shi na isar. Sai ka rubuto mini abin da zan ce mata ka ce.

Ƙanwarka,
Badariyya