An ce ba ta jin ruwa, wanki ɗaya ta mutu

Malam Idrisu, don girman Allah ka taimake ni da shawara, raina ya ɓaci har na rasa wanda zan gaya wa. Maganar sifika ce. Na san wani zai yi dariya, amma ka bari ka ji.

Mahaifina yana hannuna a nan Birnin Gwari tun da muka taso da shi daga ƙauyenmu na wajen Kuyello, lokacin da zaman can ya gagara. Ya makance, gona babu, abokan hirarsa kowa ya kama gabansa. Mutumin da a da ba a ganinsa a gida sai magariba, yanzu wuni yake kan tabarma yana sauraron takun mutane. Shi ya sa na saya masa ƙaramar sifika mai rediyo da memori, aka zuba masa tafsiri da waƙoƙin noma irin na zamaninsu. Wallahi Malam, sai da ya dawo mutum. Har musu yake yi da mijina kan labaran da ya ji.

A wurin ƙanen mijina Abdulkahar na saye ta, shi ke sayar da kayan waya a bakin tasha. Da bakinsa ya ce mini wannan ba ta jin ruwa, ko a rafi na jefa ta zan tsamo ta tana waƙa. Da damina ruwa ya taɓa dukan ta a tsakar gida ba abin da ya same ta, sai na ƙara sakankancewa.

Ran Juma'ar da ta wuce Baba ya lalubi kofi, ya kifar da kunun tsamiya a kanta. Ta yi danƙo, tururuwa suka yi mata caa. Sai na zuba ruwan ɗumi a roba, na barbaɗa omo, na tsoma ta, na bar ta ta jiƙu kafin in gama tuƙa tuwo. Na ɗauraye, na goge tas, na sa a caji. Shiru. Na shanya ta a rana, na binne ta cikin shinkafa yadda maƙwabciyata Susan ta ce. Har yau ko tari ba ta yi ba.

Da na mayar wa Abdulkahar, sai ya juya kwalin ya nuna mini wani ɗan rubutu, IPX4, wai ai ga shi an rubuta. Ni ina na san wannan? Me ya hana shi nuna mini ranar da yake zuba mini zancen rafi? Zuciya ta ɗebe ni, na kira shi macuci a gaban jama'a. Yanzu ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, matarsa ba ta amsa gaisuwata, mijina kuma ya ce na zubar musu da mutunci a tasha, sai na ba da haƙuri. Ni da aka cuta! Abin da ya fi ci mini rai, Baba ya daina tambayar sifikar. Gani yake shi ya kashe ta da kununsa, har abinci ya rage ci.

Malam, an yaudare ni ko ba a yaudare ni ba? Kuma mene ne wannan IPX4 ɗin?

Uwar Bushira, Birnin Gwari

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki kan riƙon mahaifi.

Bari mu fara da rubutun. Bayan IP akwai gurbi biyu. Na farko na ƙura ne, na biyu na ruwa. Idan kika ga X, ba a bayyana gwajin wannan ɓangaren ba. To 4 ɗin nan na nufin sifikar tana jure fantsamar ruwa, kamar yayyafi ko gumi, shi ya sa ta tsira da damina. Mai 5 da 6 suna jure feshin ruwa mai ƙarfi. Sai an kai 7 ake maganar nutsarwa, shi ma zurfin mita ɗaya na rabin awa. Haka abin yake a iyafis, abin sauraron da ake sa wa a kunne, da duk danginsu. Kuma da tsabtataccen ruwa ake gwajin. Omo da ruwan ɗumi suna taimaka wa ruwa ya ratsa inda da ba zai shiga ba, ko mai 7 ce ba na ba da shawarar a jiƙa ta haka. Sa ta a caji da danshi a ciki wataƙila shi ya ƙarasa ta. Shinkafa ba ta gyara wannan.

Abdulkahar ya yi kuskure. Ya faɗi abin da kayansa ba za su iya ba, ke kuma kin yi aiki da maganarsa. Nuna miki kwali bayan ɓarna ba ya wanke shi. Amma ina kyautata zaton zaƙin bakin 'yan kasuwa ne da rashin sani, da wuya mutum ya shirya cutar matar yayansa. Ke ma kalmar da kika jefa masa a wurin neman abincinsa ta yi nauyi. Ki ba shi haƙuri kan kalmar, ba kan ƙorafin ba. Ki nemi maigidanki ya zaunar da ku a gida, ki faɗi naki a natse, shi ma ya amsa nasa, ya kai sifikar wurin mai gyara ko ya taimaka a samo wata.

Idan za a sake saye, ki duba kwalin da idonki, ki nemi IP67 in da hali, ki riƙa rufe murfin wurin caji. In ta ɓaci, tsumma mai ɗan danshi ya isa, kuma a bari ta bushe sarai kafin caji.

Amma kafin duk wannan, yau ɗin nan ki zauna kusa da Baba ki gaya masa a fili cewa ba kununsa ya kashe ta ba, a wanki ta mutu. Ki kunna masa rediyon wayarki, ku saurara tare. Wannan ba ya jiran sulhu da kowa.

Allah ya huci zuciyarki, ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa Baba lafiya.

Malam Idrisu