Yaya, Tauraro Yana Nan a Bungudu

Zuwa ga Yayana Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kana lafiya, kai da aikin masaƙa da zaman Kaduna. Inna ba ta san ina rubuta wannan ba, amma na san da ta sani da ta ce a gaishe ka. In ka ga rubutuna ya karkace ka yi haƙuri.

Bari in fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun ranar da aka kai san nomanka Tauraro kara, kasuwar shanu, a Tsafe ban sake cin naman shanu ba. A gida sai in tura nawa ƙarƙashin tuwo in bar shi a kwano, a makaranta nan Gusau kuwa in ce haƙori ke damuna. Na san wauta ce. Amma duk tsokar da na gani a miya, farin tabon nan na goshinsa nake gani.

To Yaya, ashe ba a yanka shi ba. Na gan shi da idona. Na taɓa shi.

A hutun nan da ya wuce aka tura ni Bungudu in taya Gwaggo aikin sunan jikanta. Nono ya kasa, sai ta aike ni da 'yarta Mairo wata ruga a bakin gulbi. Hanyar ta bi ta gefen wani shingen ƙaya. Mairo ta ce, "Toshe hancinki, 'yar boko, mun iso gidan gajiyayyu." Wurin wani tsohon Bafulatani ne, Baffa Juli, wanda garkensa ya ƙare a shekarar yunwa. Tun daga nan duk dabbar da mutane suka gama da ita shi yake karɓa. Akwai jaki makaho, da akuya mai ƙafa uku, da wani raƙumi da kaya suka ci wa baya. Ba ya sayarwa, ba ya yankawa sai in rai ya zo fita. 'Yan gari suna ce masa taɓaɓɓe.

Can ƙarshen shingen na hango wani sa yana tafiya shi kaɗai. Kai a ƙasa, layi miƙe, kamar an ɗaura masa garma. Ya bar fili a damansa, daidai faɗin wani san. Da ya kai ƙarshe sai ya yi kwana mai faɗi, ya ɗan dakata kamar mai jiran na kusa da shi ya gama juyowa, sannan ya kamo wani layin.

Ban san lokacin da na yi irin kiran da kake masa da harshe ba. Ya tsaya cak. Ya juyo. Ga tabon, ga ƙahon hagu da ya gutsure a jikin tsamiyar gonarmu.

Littattafan soyayyar nan na Turanci da kake tsokanata a kansu, kana cewa za su cinye mini ido, a cikinsu in mace ta ga wanda ta ɗauka ya mutu sai ta suma a yayyafa mata ruwa. Ni ban suma ba. Ƙwaryar Gwaggo na saki ta tsage biyu, na tsaya baki buɗe, shi kuwa ya zo ya cusa hancinsa mai sanyi a tafin hannuna, yana neman kanwa.

Ka tuna yadda abin ya faru. Jatau ya mutu da yunwa, Tauraro ya rage ba abokin karkiya. Kai ka hore su tun suna maruƙa, shi a hagu, Jatau a dama. Aka gwada haɗa shi da san maƙwabta, shi ma ɗan hagu ne, da aka mai da Tauraro dama sai ya kwanta a gona ya ƙi tashi. Rumbu kuma ya kusa ƙasa. A kara ka riƙe igiya ka ce wa Baba a gaban dillalai, "Wanda ya ciyar da mu shi za mu miƙa wa wuƙa?" Baba ya zare igiyar daga hannunka ya ba mahauta. Da gari ya waye babu kai a ɗaki.

Baffa Juli ya fito ya same ni ina kuka a jikin shinge. Ya ce, "Ɗiyata, kin san wanga sa?" Na ce na Yayana ne. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To ke ɗiyar mutumin Tsafe ce."

Yaya, ka tuna keken Baba? Wanda ba ya bari ko ƙararrawarsa mu taɓa? Wanda ya ce an sace masa a kasuwa bayan tafiyarka? Ba a sace ba. Bin mahautan ya yi a kansa, ya cim musu a hanyar Gusau suna kora shanu, ya bar musu keken ya karɓi igiya. Baffa ya ce a ƙasa ya iso masa, ƙafafu duk sun fashe, yana tafiya a daman san don kada ya tsaya.

Ga abin da ya fi girgiza ni. Baffa ya ce, "Na tambaye shi, naka ne? Ya ce a'a, na wani yaro ne a gidana. Na ce mi sunan yaron? Sai ya sunkuyar da kai. Nan na gane ɗan fari ne, ban ƙara tambaya ba."

Tun da muka taso Baba bai taɓa kiran sunanka ba. "Ku ce wa yaron nan." "Ina wancan?" Ka kawo amfanin gona mai kyau, ya kau da kai ya yaba wa damina. Mun san kunyar ɗan fari ce, kowane gida ana yi, amma ni har na fara ɗauka ta zama gaskiya a ransa. Na tabbata kai ma haka ka ɗauka. Ashe mutumin da ba zai iya furta sunanka ba ya iya taka wannan doguwar hanya saboda kai, ya dawo ya yi shiru. Kuma wa zai gaya wa? A shekarar da mutane ke cin ganye, a ji mai gida ya ba da kekensa don san da ba ya noma?

Cin kasuwar Mada da Baba yake zuwa kowane wata da buhu a kai, ba Mada yake zuwa ba. Bungudu yake zuwa, buhun kuma dusa ce da kanwa.

Yanzu kuwa ya daina zuwa. Tun farkon damina ƙafarsa ta kumbura, ko masallaci sai da sanda. Har Baffa ya tambaye ni ko lafiya. Tauraro ma haƙoransa sun cinye, sai an jiƙa masa dusa. Baffa ya ce bai ga alamar zai ga bayan rani mai zuwa ba. Ban tambaye shi wanne daga cikinsu yake nufi ba, don tsoro.

Da na koma gida na kasa haɗa ido da Baba. Na kai masa ruwa a zaure, ya ce, "Yaya Bungudu?" Na ce lafiya. Ya ce, "Kun je bakin gulbi?" Na ce mun je. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, can ya ce, "Ruwa ya cika?" Shi ke nan. Amma in mota ta tsaya a bakin titi sai ya daina magana har ta wuce.

Ka zo, Yayana. Ba na ce ka zo ka yi dogon ban haƙuri ba, ka san ba zai iya saurare ba, tashi zai yi ya bar maka zauren. Ka zo kawai ka gaishe shi, ka ce kana da tafiya Bungudu kana neman ɗan rakiya. Ka ɗora shi a mota. Sauran ba sai an faɗa ba.

Allah ya tsare mini kai a inda kake, ya sanyaya zuciyarka. Allah ya ba Baba lafiya, ya ara musu kwana su biyun har ka iso. Allah ya saka wa Baffa Juli da alheri. Amin.

Ni ce ƙanwarka mai ƙaunarka,
Lubabatu

Na gama tun jiya na kasa aikawa. Asirin Baba ne, ba nawa ba, kuma in ya gane ni na tona, ban san da wane ido zan dube shi ba. Amma malamar ɗinkinmu za ta hau jirgin Kaduna gobe, ta kuma san unguwarku. Ga ta can tana rufe aji. Bari in sa takalmi in tare ta kafin ta fita ƙofa.