Goma a Aljihun Mastro-Lambros

Litinin, 7 ga Oktoba

Mun bar tashar Salamina da hantsi a jirginmu mai tafiya ƙarƙashin ruwa, kafin tsakar rana mun nitse. Atisaye ne. Ɗaya ɓangaren suna da jiragen yaƙi huɗu da helikwaftoci, suna rakiyar wani babban jirgin kaya. Mu kuwa mu kaɗai. Aikinmu mu tsare mashigin da ke tsakanin tsibiran, mu isa babban jirgin ba a ji mu ba.

Fitata ta farko ke nan a matsayin shugaban batir. Mastro-Lambros, wanda na gada, ya yi ritaya, ya koma gonar zaitunsa. Shekara da shekaru ni ke aunawa a ƙasa, shi ke hawa ya faɗa wa Kyaftin. Yanzu riƙon ƙwarya aka ba ni. In mun dawo Kyaftin Ziogas zai ce a tabbatar da ni ko a kawo wani. Matata Matina ta ce in daina lissafin abin da bai zo ba. Ta cusa mini kwalbar zuma a jaka.

Laraba, 9 ga Oktoba

Lafiya lau. Ina son kwanakin farko, burodi bai bushe ba, kowa bai fara wari ba.

A ƙarƙashin ruwa komai batir yake ci: tafiya, iska, fitila, murhu. In ya yi ƙasa dole mu taso dab da sama, mu fitar da bututun numfashi, mu tayar da injin dizal mu cika shi. A lokacin ko kurma zai ji mu. Allon ɗakin tuƙi yana da nasa lissafi, amma batirin ya tsufa, allon kuwa har yanzu saurayi yake ɗaukarsa. Shi ya sa ni ake tambaya.

Kyaftin ya dube ni ya ce, "Argiris, nawa?" Na ce sittin da biyu cikin ɗari. Ya gyaɗa kai.

Anestis ya dafa miyar wake. Shi ne kukunmu, shi kuma ya riƙe 'yata Fenia ranar baftismarta, tun daga nan yake ce mini kumbare, wato uban ɗiyar da ya riƙe, don haka bakinsa ba ya da linzami a kaina. Ya ce, "Kumbare, tun da aka ba ka batir tafiyarka ta canja, sai ka ce fadan coci ya sayi sabon takalmi." Ya ƙara mini ludayi ɗaya.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Mun cika batir ba wanda ya gan mu. Na yi barci mai kyau.

Asabar, 12 ga Oktoba

An kama mu.

Masu sauraron motsi a ruwa sun ji babban jirgin daga nesa. Kyaftin ya tambaye ni, na ce talatin da takwas. Ya sa gudu. Gudu kuwa shanye batir yake kamar rairayi da ruwa. Na sake kira na faɗi inda muke, ya ce to, ya ci gaba. Da na ga mun kusa inda bai kamata a taɓa ba, na hau da kaina.

Ya dube ni. "Ina sauran?"

"Wane saura, Kyaftin?"

Dole muka fitar da bututu da rana tsaka, teku kwance kamar faranti. Dizal bai gama ɗumi ba helikwafta ta iso kanmu. Da yaƙi ne da mun tafi, mu duka.

Na koma na auna gidajen batirin ɗaya bayan ɗaya, na sake aunawa. Lissafina daidai yake. Ko kuwa akwai abin da Mastro-Lambros yake gani wanda ni ba na gani? Wataƙila dai ni na biyu ne, haka aka yi ni, kuma ba laifi ba ne.

Lahadi, 13 ga Oktoba

An kunna ƙaramar fitilar lantarki gaban hoton Waliyi Nikolas, wani ya karanta addu'a. Bayan nan na shiga kicin na taya Anestis ɓare albasa.

Ya ce, "Kai da gaske ba ka sani ba?"

Ashe Mastro-Lambros goma yake ɓoyewa. In na kawo masa hamsin, arba'in yake kaiwa sama. Yana kiranta ta aljihu. Kyaftin tun yana ƙaramin hafsa a jirgin nan ya san haka, don haka duk abin da aka faɗa masa sai ya ƙara goma a kansa. Jiya na ce talatin da takwas, shi arba'in da takwas ya ji.

Na ce, "Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Wa zai gaya maka? Kullum kanka na cikin ramin batir. Ni da nake kai kofi sama na fi ka sanin batirinka." Ya nuna ni da wuƙa. "Rage goma, kumbare, kowa ya huta. Tsohon ya ci tuwonsa da ita har ya tsufa."

Na ji sanyi a raina cewa awona ba shi da laifi. Sauran kuwa ban sani ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na gwada. Sittin da biyar ne, na ce hamsin da biyar. Ba abin da ya faru, sai dai ban ci abinci ba.

Ga abin da ya dame ni. In Kyaftin ya daina ƙarawa tun ranar Asabar fa? To na cuce shi goma. In kuma yana ƙarawa, gobe na manta ban rage ba? Yanzu a jirgin nan ba wanda ya san wa ke ragewa, wa ke ƙarawa. Tsohon da Kyaftin sun san juna. Ni da shi ba mu sani ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Na je ɗakinsa. Na tsaya bakin labule har ya ɗaga kai. Na gaya masa abin da Anestis ya ce, ban kira suna ba, da kuma abin da na yi jiya. Na ce daga yau abin da na auna shi zan faɗa.

Ya ɗan yi dariya. "Wato kai wandonka ba aljihu."

Na ce babu, ranka ya daɗe.

Ya ce laifin Asabar nasa ne, ya ɗauka an ba ni gadon aljihun tare da makullai. "Amma ka gane, Lambros daga kaina yake kare ni. In na ga nama ba na son tsayawa. Kai da me za ka kare ni?"

Na ce in na ce a tsaya, a tsaya. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

"To. In ka faɗa zan ji. In kuma tsoro ya sa ka faɗa da wuri, zan sani, kuma zan nemi wani."

Gaskiyarsa. Na fito, yau kam na ci abinci.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Zagaye na biyu. Tun jiya muke kwance can ƙasa kusa da tsibiri, inda kwale-kwalen masunta ke cika ruwa da surutu. Tafiyarmu ko tsohuwa mai dawowa daga kasuwa za ta wuce mu. Na bi na kashe duk abin da za a iya kashewa: murhu, na'urar sanyaya ɗaki, rabin fitilu. Ba kofi. Kowa da safa ba takalmi, magana sai raɗa. Anestis ya raba cuku da zaitun da busasshen burodi, ya raɗa mini cewa zai gaya wa Fenia ubanta azzalumi ne.

Ina zaune cikin zafin nan ina tunani, jirage huɗu da helikwaftoci suna ta kai da kawo, suna ƙona mai, ba sa barci, duk don mu. Ko da ba ma nan haka za su yi, tunda ba su sani ba. Amfaninmu ke nan.

Da yamma babban jirgin ya shigo mashigi.

"Argiris, nawa?"

"Talatin da ɗaya. Gudu ɗaya, gajere. Bayansa babu."

Ya yi gudun. Muka ratsa ƙarƙashin masu rakiya, aka harba koren haske sama, alamar mun same shi. Mutane na dariya ba sauti, suna dukan kafaɗar juna.

Sai masu sauraro suka ce ga ɗaya daga masu rakiyar ya juyo, ya ba mu gefe. Na ga fuskar Kyaftin, wannan ɗin ma yana so ya kai masa hari. Ya waiwayo.

Na ce, "A'a, Kyaftin."

Ina ta sake lissafin a kaina, ko na yi sauri, ko da ɗan saura. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce a nitsa, a juya kudu, a hankali. Abin da ya rage ya kai mu bayan tsibirin, da ƙyar, can muka yi numfashi ba mai ji.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An kunna murhu. Anestis ya kawo mini kofi har bakin rami, yana ƙunƙuni.

Talata, 22 ga Oktoba

Salamina. Rana ta yi wa idona yawa. Matina ta ce in bar kayana a baranda kwana biyu su sha iska kafin su shiga gida.

Kyaftin bai ce mini komai a kan matsayin ba. Da muke sauka dai ya ce wata mai zuwa za a canja batir, in shirya, ni zan duba sabon kafin a karɓa. Wataƙila hakan na nufin wani abu, wataƙila don ba wani a kusa ne. Ban tambaya ba.

Na kwashe kayana zuwa lokar Mastro-Lambros. Don ta fi kusa da ƙofar batir ne kawai. Sunansa na manne a jiki da tef. Bai yi wuyar ɓarewa ba.