Sunan Da Na Kasa Rubutawa

Daren Talata, watan Rabi'ul Awwal

Yau tallafin albashin da gwamnati ta yi wa masu sana'a alkawari saboda korona ya shigo. Teloli uku a shagona na Ƙofar Marke sun ji ƙarar shigar kuɗin a waya. Sanda, telana na huɗu, bai ji ba, shi mai 'ya'ya shida.

Mun je banki. Ma'aikaciyar ta ce sunan da ke fom ɗin tallafin bai dace da na asusunsa ba. Ni na cike fom ɗin. Sunansa na yanka Umaru, sunan marigayi maigidana. Shekara ashirin da aure ban taɓa furta shi ba, hannuna ma ya ƙi. Sai na rubuta Sanda, yadda kowa ke kiransa.

Ma'aikaciyar ta ce an rufe gyara.

A hanya ya ce, "Ba komi, Hajiya, ba rabona ba na." Ya koma kan kekensa, ya ci gaba da ɗinki har magariba.

Na ci tuwo, ban ji ɗanɗanonsa ba. Ko kuka bai zo ba.

Ga shi na rubuta sunan a sama ɗazu, ba abin da ya same ni.